Kwandon Ummu Midhat a Hawa na Shida

Firij ya riga Ummu Midhat isa sabon gida. Shi injin ɗaga kaya ya hau, a kan faffaɗan farantin nan da ke bin dogon tsani har baranda, an lulluɓe shi da bargo kamar ango don kada ya ƙuje. Ita kuwa, uwar mai gidan, a kujerar roba aka ɗora ta, ƙarti biyu 'yan dako suka ciccibe ta suka bi matattakala da ita, suna nishi suna tsine wa wanda ya gina bene hawa shida ya manta da lif.

"Hajiya, don Allah me kike ci ne?" in ji na ƙasan, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Abin da uwarka ba ta iya dafawa ba. Riƙe da kyau, ɗan nan, ka karkata ni."

Abu biyu ta rungume a cinyarta ta hana kowa taɓawa: kwandon kaba mai doguwar igiya, da wata langa shuɗiya da bakinta ya ɓantare. Ɗanta Midhat yana biye da su da fanka a kafaɗa, kowane hawa sai ya ce, "Saura kaɗan, Mama. In kika sha iskar da ke sama sai kin sa mini albarka."

Midhat ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa tun yanzu. Mutum ne mai son 'ya'yansa su yi karatu. A Shubra, cikin tsohuwar Alƙahira, ajin ɗansa Ziyad yara uku ke matsuwa a benci ɗaya, na huɗu yana tsaye yana fatan wani ya kwanta zazzaɓi. 'Yarsa Rudaina kuma ta shiga shekarar ƙarshe ta sakandare, shekarar da ke mayar da kowane gida asibiti. Ga mai gidan haya ya tsawwala. Duk lokacin zafin nan shi da matarsa Nirmin suka yi ta tankaɗe da rairayar garuruwa a waya. Wannan gari haya da sauƙi, amma makarantar ko ƙofar banɗaki babu. Wancan makaranta sai ka ce aljanna, haya kuma sai ka sayar da ƙodarka. Wani an yabi malamansa, amma motar ma'aikatar su Midhat ba ta bi ta can. Har Allah ya kai su ga Zuhur, sabon garin da aka dasa a tsakiyar hamada. Makaranta tana kallon gidan ido da ido, kowane yaro da kujerarsa, haya kuwa in ka yarda da hawa na ƙarshe kusan kyauta ce.

An nemi shawarar kowa. An tambayi malamai, an tambayi direban mota, an tambayi wata ƙawar Nirmin da ƙanwar mijinta ta taɓa kwana a garin. Ummu Midhat ce kaɗai ba a tambaya ba, sai ita ce ta yi tambayar.

"Hawa na nawa?"

Midhat ya ce, "Haba Mama, ke da ba ki sauka? Yaushe rabonki da taka titi a nan Shubra? Wanda ba ya sauka, ai da hawa na biyu da na shida duk ɗaya ne a wurinsa."

Nirmin ta ce wallahi gaskiya ne. Ba ƙarya suka yi ba, domin tun da gwiwoyin tsohuwar suka fara ciwo sai ta daɗe ba ta sauka ba. Abin da Midhat bai lura da shi ba, shi da aka yanke wa cibiya a lungun, uwarsa ba ta sauka ne saboda titin ke hawowa wurinta. Da safe ta zura kwando daga baranda, ya dawo da gurasa mai zafi da dafaffen wake. Mai tumatir ya tsaya da kurarsa su yi ciniki da ihu har a ambaci kakanni, kwando ya sauka ya hau, a rabu ana dariya. Mai tukunyar gas ya buga sifana, ya ba ta labarin wanda aka kama da wadda ta haihu. Sannan ga Gamalat.

Gamalat ce mai barandar da ke fuskantar tata, kuma ita kaɗai ta rage a duniya mai kiranta da sunanta na yanka, Nabawiyya. Lungun ƙunci gare shi, tun suna amare suka ɗaura igiya tsakanin barandunsu, langar nan shuɗiya tana zirga-zirga a kai. In Ummu Midhat ta naɗe mahshi, ganyen kabeji da shinkafa a ciki, langa ta tsallaka. A wurinmu kuwa ba a mayar wa maƙwabci kwanonsa wayam, wannan ko jariri ya sani. Langa za ta dawo da lemun tsamin da Gamalat ke jiƙawa a gishiri, ta tsaga shi huɗu ba ta raba ba, ta cusa masa habbatussauda. Bayan lemun sai zagi ya biyo: "Nabawiyya! Wannan gishirin naki, ni kike son kashewa ki gaji tukwanena?" Tun da suke Gamalat ba ta taɓa yabon girkinta ba, ba ta kuma taɓa rage ko loma ɗaya ba.

Washegarin tarewa Ummu Midhat ta dogara sandarta ta fita baranda, ta yi bismilla ta zura kwando. Igiya ta ƙare yana lilo a saitin hawa na uku. Ta ƙulla igiyar shanya, bai kai ba. Ta yayyaga tsohon zanin gado ta ƙara, ta haɗa da wani ɗankwalin Nirmin wanda Nirmin ta daɗe tana nema. Kwando ya taɓa ƙasa. Ta leƙa, ta gyara murya.

"Mai gurasa!"

Iska ce ta amsa mata. Titi fetal, faɗinsa ya isa a yi sallar idi, amma ko kare babu. A Zuhur ba a talla. Babban kanti ne can bakin gari, ran Juma'a a je a lodo kayan sati, gurasa a jefa ta a firij ta sandare kamar allo.

Ba ta daina ba. Kullum safiya kwando yana ƙasa. Wata rana ta ji ya yi nauyi, ta yi ta ja da murna, sai ga kyanwa zaune a ciki tana kallonta, kafin ta yi tsalle ta faɗa barandar mutanen hawa na huɗu. Wata rana kuma wani ya jefa mata ɓawon ayaba, ya ɗauka kwandon shara ne. Ko haushi ba ta ji ba. Ta ce alhamdulillahi, ashe dai da mutane a garin.

Makarantar kam, a faɗi gaskiya, ta yi kyau. Ziyad ya fara gyara wa ubansa Larabci a kan teburin abinci. Ummu Midhat ma ta ƙaru, don daga baranda tana jin lasifikar taron safe tar-tar, ta haddace taken ƙasa da sunayen masu makara, ta san ranar da shugabar makaranta ta maimaita riga. Sai dai ba ta da wanda za ta gaya wa.

Ɗakin da aka ce nata ne, mai taga, da farko nata ɗin ne. Sai aka ga haskensa ya fi dacewa da idon mai karatu, aka mayar wa Rudaina, aka ja gadon tsohuwa zuwa kusurwar falo kusa da ƙofar baranda.

"Ai nan ya fi miki, Mama," in ji Nirmin, "ga ki ga kwandonki."

Daga nan aka kashe talabijin, saboda Rudaina na karatu. Aka rage muryar rediyo har sai da mai karatun Alƙur'ani ya koma raɗa. In tsohuwa ta yi tari, sai ta ji daga ɗaki, "Teta, don Allah!" Haka jikokin ke kiranta. Ta koyi yin tari a cikin matashi. Da safe kowa ya watse, Midhat ya bi motar ma'aikata zuwa Alƙahira, Nirmin ta tafi inda take ɗinki, yara makaranta. Ita ta tsince shinkafa, ta gyara ganye, ta zauna tana hira da firij, tunda dai tare suka zo.

Bayan wata guda ta ce, "Midhat, ina so in sauka."

"Ki je ina, Mama?"

"Ƙasa."

"Me ke ƙasa? Yashi ne. Bari a gama gwajin farko, in nemo 'yan dako."

Aka gama gwajin farko. Aka ce 'yan dako a Zuhur sai an yi odarsu daga wani gari. Aka ce Midhat bayansa ya riƙe, ba don haka ba da kansa zai goya ta. Aka ce ma likitoci sun hana masu ciwon gwiwa matattakala, Nirmin ta gani a waya da idonta. Da ƙafafunta suka kumbura, Midhat ya ɗauki hoton gwiwar ya nuna wa mai kemis, mai kemis ya duba hoto ya ba da man shafawa. Ummu Midhat ta ce, "To a shafa wa hoton."

Waya ba ta yi mata amfani wurin Gamalat ba. Kunnen Gamalat yana jin ihu daga baranda, amma in aka kara mata waya sai ta yi ta "Wa? Wa?" har katin ya ƙare. Don haka langa ta koma bakin aikinta, Midhat ya zama igiyar. Ran Alhamis motarsu tana bi ta kusa da Shubra. Tsohuwa ta cika langa da mahshi, ta ɗaure da tsumma, ya tafi da ita yana ƙunƙuni.

Alhamis ta farko langa ta dawo maƙil da lemu, tsagin huɗu, habbatussauda baƙi ƙirin a ciki.

"Me ta ce?"

Midhat ya sosa ƙeya. "Ta ce wai tun da kika hau sama wurin masu kuɗi hannunki ya ƙara lalacewa."

Ummu Midhat ta yi dariya har da hawaye, har Rudaina ta buga bango. Satin nan gaba ɗaya a kan zagin nan ta rayu. Kullum ta ɗauki lemu ɗaya ta tsotsa a hankali, tana shirya martanin da za ta aika. Haka aka yi ta yi har sanyi ya shigo.

Sai wata Alhamis langa ta dawo da biskit.

"Biskit? Gamalat?"

"Ta ce lemun bai nuna ba."

Alhamis ta gaba ga lemu, amma an yanyanka shi fala-fala har da karas, yana warin ruwan kanti. Ta ɗanɗana ta tofar a tafin hannunta.

"Wannan ba hannun Gamalat ba ne."

"Wataƙila 'yarta ce ta yi, Mama. Tsufa ai."

"Me ta ce?"

Midhat yana cire takalmi, bai ɗago ba. "Ta ce a gaishe ki da kyau, ta gode, mahshi ya yi daɗi ƙwarai."

Tabɗi! Ummu Midhat ta ji kamar an zare mata kujera. Gamalat ta ce ya yi daɗi? Gamalat da ko a walimar auren Midhat sai da ta ce shinkafar ta caɓe, bayan ta ci faranti biyu? Ta kalli ɗanta. Ta ga wuyansa ya yi kauri a 'yan kwanakin nan, maɓallin rigarsa yana neman agaji, amma hankalinta bai kai can ba. Abu biyu ta kawo a ranta: ko Gamalat ta yi fushi da ita saboda ta tafi ba ta ko leƙo ba, ko kuwa ciwo ya kwantar da ita har bakinta ya yi laushi. Kowanne ne, dole ta je.

"Midhat, ka kai ni Shubra."

"Insha Allahu, bayan jarrabawar tsakiyar shekara."

"Gamalat ba ta da lafiya."

"Lafiyarta ƙalau, Mama, har ta fi ki."

Ta juya ga surukarta. "Nirmin, 'yata, ke ki gaya masa."

Nirmin ta sunkuyar da kai a kan guga. "Mama, ki yi haƙuri. Kin ga dai duk wannan ƙaura don yaran nan aka yi ta. 'Yan watanni ne suka rage wa Rudaina, in hankalin gidan ya rabu biyu mun yi asarar shekara. Da ta ajiye biro, wallahi ni da kaina zan raka ki."

Jarrabawar tsakiyar shekara ta zo ta wuce, sai aka ce ai ta ƙarshe ake nufi, ta lokacin zafi. Sannan wata Alhamis langa ta dawo wayam, an wanke ta tas tana ƙamshin sabulun da ba na gidan kowa ba. Midhat ya ce mantuwa ce. Ummu Midhat ta kife langar a kicin. Ta daina cin abincin kirki. Da ta saba tafiya daga gado zuwa kicin a tashi ɗaya, yanzu sai ta huta a kujerar tsakiya. Tsoro ya kama ta sosai, na cewa ƙafafun nan za su manta da aikinsu kafin Rudaina ta ajiye biro, ita kuma ba ta ga Gamalat ba. Duk da haka ran Laraba ta naɗe mahshi, don ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba in ba shi ba.

Ranar Alhamis ɗin ce makaranta ta shirya bikin karrama yaran da suka yi fice, kuma Ziyad ne na ɗaya a ajinsu. Midhat ya ɗauki hutu ya matse cikin kwat, Nirmin ta sha kwalliya, suka sauka.

"Ki leƙo ta baranda, Mama, za ki ji an kira sunansa," in ji Midhat. "Ke ma kin fi mu wurin kallo."

Ta fita barandar, ta zura kwando don sabo. Sai ta ji rurin inji. Maƙwabtansu da suke hawa ɗaya da su, su Madam Suhair, su ne ke tashi, mijinta ya gaji da kwana a mota tsakanin gida da aiki. Ga babbar motar kaya a ƙasa, ga dogon tsanin nan ya jingina da barandar da ke manne da tata, faranti yana sauka da katifa. Wani mai gashin baki da rawani a wuya yana tsaye a gindin injin yana daka wa 'yan dako tsawa, kuma tsawar irin ta gida ce, mai ambaton iyaye.

Ta janye kwando da sauri, ta zuba shayi a kwalba, ta ɗora mahshi mai zafi a faranti, ta zura.

"Kai mai inji! Karya kumallo!"

Mutumin ya ɗaga kai, ya dafe ƙirji. "Kwando! Wallahi kwando ne! Hajiya, daga wace unguwa aka sato ki?"

"Shubra!"

"Allahu akbar! Ni ɗan Rod el-Farag ne, maƙwabcinki. Usta Sha'aban, bawanki!"

Usta, wato gwanin sana'a, ya ci a tsaye, ya lashe yatsu, ya girgiza igiya. Ta ja. Kwando ya hau da nauyi, kuma wannan karon ba kyanwa ba ce: lemun zaƙi biyu ne da dunƙulen gyaɗa a takarda. Ta riƙe su a hannu tana kallo, idonta ya cika. Ta share da gefen mayafi, ta sake leƙawa.

"Usta! Ina motar nan za ta?"

"Alƙahira, ta bayan Shubra ma za mu bi."

"To sauko da ni."

"Wa? A kan wannan? Haba Hajiya, injin kaya ne, ba a ɗora mutum. So kike a ɗaure ni?"

"Firij ɗinmu da shi ya hau. Firij ya fi ni daraja ne?"

"Firij in ya faɗo ba shi da 'ya'yan da za su kai ni kotu."

"Ni ma nawa suna can suna tafi, ba za su lura ba. Ka ci mahshina ko ba ka ci ba?"

Usta Sha'aban ya kalli farantin da ya share, ya kalli sama, ya ce la haula. Madam Suhair, wadda tun da suka zo gaisuwar matattakala kawai ke haɗa ta da su Nirmin, ta ji komai daga barandarta. Ta zo ta kama hannun tsohuwa ta tsallaka da ita cikin gidanta.

"Tun yaushe rabonki da ƙasa, Hajiya?"

"Tun ranar da na zo."

Madam Suhair ta buga ƙirji. Ba ta sake tambaya ba, ta ce wa 'yan dako su ɗora babbar kujerar falonta a kan farantin. Aka zaunar da Ummu Midhat, aka kwance igiyar kwandonta, da zanin gadon da ɗankwalin Nirmin da komai, aka ɗaure ta tamau a jikin kujera. Langa tana cinyarta, sanda a gefe.

A farfajiyar makaranta shugaba tana tsakiyar jawabi a kan tarbiyya. Wata yarinya ta nuna sama. Sai kai ɗaya ya ɗaga, sai goma, sai duk taron, har shugabar ta manta lasifika na bakinta ta ce, "Ya Sattar!" Ga tsohuwa cikin baƙin mayafi tana saukowa daga sama a kan kujerar alfarma, a hankali, tana salati da ƙarfi, tsakanin salati kuma tana cewa, "Sannu-sannu, Usta, ba buhun albasa ka ɗauko ba!" A hawa na huɗu kyanwar nan tana zaune a baranda, Ummu Midhat ta gaishe ta. Yara suka ɓarke da tafi da sowa, sun ɗauka cikin shirin bikin ne.

Kafin faranti ya taɓa ƙasa Midhat ya tsallako titi a guje, kwat a buɗe, Nirmin na bayansa da takalmi a hannu.

"Mama! Me kika yi haka? A gaban makarantar yara! A gaban shugaba! Da kin faɗo fa?"

"Da na iso da wuri. Kwance ni."

Aka kwance ta. Ta zare silifa ɗaya, ta ɗora tafin ƙafarta a kan yashi, ta murza shi a hankali. Ta yi ajiyar zuciya. Sannan ta miƙa wa Usta Sha'aban hannu.

"Taimaka mini in hau gaba. Wurin Gamalat za ni. In fushi take yi in ba ta haƙuri, in ciwo ne in zauna in zage ta har ta warke."

Midhat ya ja da baya. Nirmin ta kalle shi, shi ya kalli tayar mota.

"Midhat," in ji Nirmin a hankali, "faɗa mata."

"Mama..." Ya dafa jikin mota. "Inna Gamalat Allah ya yi mata rasuwa. Tun farkon sanyi."

Injin na ta ruri, Usta Sha'aban ya miƙa hannu ya kashe shi.

"Tun biskit," in ji Ummu Midhat.

"Don lafiyarki muka ɓoye, wallahi. Ga hawan jininki. Ga Rudaina, kin san gidan da ake kuka ba a karatu. Mun ce da an gama jarrabawa sai mu gaya miki a tsanake."

"Mahshin fa? Duk Alhamis?"

Ta kalli wuyansa da maɓallin rigarsa, sai yanzu ta gane.

"Mutanen ofis," in ji shi can ƙasa-ƙasa. "Suna sa miki albarka."

Usta Sha'aban ya ce inna lillahi, ya juya baya ya tofar da yawu. Madam Suhair da ta sauko ta rufe baki da hannu.

"Ta neme ni?"

"Mama, a bar maganar nan a titi."

"Na ce ta neme ni?"

"Ta aiko 'yarta ofis. Ta ce tana so ta gan ki." Ya share fuska. "Lokacin ana gab da jarrabawar tsakiyar shekara. Kuma fisabilillahi, Mama, ta yaya za mu sauko da ke?"

Ummu Midhat ta ɗaga sandarta ta nuna tsanin da ke jingine da bene.

"Ga shi na sauko. Shayi ko hucewa bai yi ba."

A ƙetaren titi shugaba ta dawo hayyacinta, lasifika ya kira Ziyad Midhat, na ɗaya a aji, tafi ya tashi raf-raf. Tsohuwa ta juya ta saurara har aka gama, ta ce, "Allah ya yi masa albarka. Makarantar kam kun zaɓa." Ba da gatse ta faɗa ba. Da gatse ne ma da ya fi wa Midhat sauƙi.

Irin wannan zaluncin ba a jin ƙararsa. Ba a dake ta ba, ba a hana ta abinci ba, kullum ana sumbatar hannunta. An dai auna haya, an auna makaranta, an auna hanyar mota, aka ɗauko tsohuwa aka ajiye a sama tare da sauran kaya. Ku zagaya sababbin garuruwan nan da rana tsaka ku ɗaga kai, za ku ga irinta a baranda suna kallon titin da ba kowa.

Usta Sha'aban ya ɗaga ta da kansa ya zaunar a gaban mota, ya gyara mata mayafi kamar uwarsa. Ta ɗora langa a cinya ta dafe murfin.

"Wa za ki kai wa kuma, Mama?" in ji Midhat, ya riƙe ƙofa.

"Maƙabarta akwai masu yunwa. A ci a yi mata addu'a. Wani ma ya ce gishiri ya yi yawa, in ji daɗi."

"To yaushe za ki dawo? A wurin wa za ki zauna? Ki bari in nemo 'yan dako su mayar da ke sama, mu yi magana a gida."

"Shubra ba ta rasa inda tsohuwa za ta shimfiɗa tabarma ba, kuma a ƙasa." Ta kalle shi, ɗanta, ba ta daina sonsa ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. "In na koma can sama, Midhat, saukowa ɗaya ta rage mini. Ranar kam za ka sami masu ɗauka, kuma ba wanda zai ce a jira jarrabawa. Sakar mini ƙofa."

Ya saki. Mota ta tashi ta bi faffaɗan titin nan, katifu na rangaji a bayanta. Nirmin ta sunkuya ta tsince ɗankwalinta daga cikin igiyar da aka yar a yashi, ta riƙe shi ta rasa yadda za ta yi da shi. Midhat ya ɗaga kai. Can a hawa na shida kwandon yana zaune a bakin baranda, da lemun zaƙi biyu a ciki, ba igiya.